Wankan da Inna Ladidi Ta Yi a Kufan Marina

Ku matso kusa, ba na son ɗaga murya. Yau babu ga ta nan, babu ta zo mu ji ta, domin wannan ba tatsuniya ba ce. Matar da abin ya faru da ita, na ci tuwon hannunta.

Inna Ladidi ce, yayar kakarmu ta wajen uwa. Ita ke wankan gawar mata da ta yara a Tudun Gawo da ƙauyukan kewaye, shekara talatin da 'yan kai. Gajeruwa ce, mai kaurin hannu, marar yawan magana. Tana da wata ƙwarya da ko jikokinta ba sa taɓawa. A ciki akwai sabulu, da ƙullin ganyen magarya, da kafur, da fararen tsummoki, da allura da zare. Kowa ya san ba ta tsoron gawa. Takan ce ita dai gawa ba ta taɓa yi mata komai ba.

Wata Laraba, ƙarshen damina, aka kira ta wani ƙauye da ake ce wa Gidan Bawa, wankan wata tsohuwa. Ta tafi da abokiyar aikinta, Kande. Suka gama, maza suka fita da gawa bayan azahar. Kande ta ce ita za ta kwana, don mamaciyar 'yar uwarta ce. Inna Ladidi kuwa hankalinta na gida. Mijinta, Malam Nomau, makaho ne, kuma ba ya cin abincin kowa sai nata.

"Ki jira maza su dawo a raka ki," in ji Kande.

"Rana na sama. Zan yanke ta kufai."

"Ta Kufan Marina? Ke kaɗai?"

"To, wa zai cinye ni?"

Ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta fita.

Kun san Kufan Marina. Tsohon gari ne da annoba ta tasa tun zamanin kakannin kakanni. Ba abin da ya rage sai ramukan rini da ciyawa ta rufe. A shekarar an noma wurin, dawa ta yi tsawo har ta haɗe a sama, hanya ta zama kamar zaure. An yi ruwa daren jiya, ƙasa da laushi.

Tana cikin tafiya sai ta lura tsuntsaye sun yi shiru. Dawa cike da tsaba, amma babu ko tsuntsu ɗaya. Ganye ma ya daina motsi. Ba ta jin komai sai takunta.

"Salamu alaikum, mai wanka."

Muryar ta fito daga bayanta, dab da kunne. Ta waiga. Dawa ce kawai. Da ta juyo, sai ga mace tsaye a gabanta, bai fi taku biyar ba.

Siririya ce, mai tsawo. Ta yi lulluɓi da baƙin zane da ya koɗe har ya koma ruwan toka. Da goyo a bayanta, an rufe shi ruf har kai. Wata 'yar ƙafa ce kawai ke reto ta gefe.

"An yi mini rasuwa," in ji matar.

Leɓenta a gaba suka motsa. Muryar ta baya ta sake fitowa.

Bakin Inna Ladidi ya riga ya saba, shi ya amsa da kansa. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan rai. Wace unguwa, baiwar Allah?"

"Nan kusa."

"Babu gida nan kusa."

"Akwai."

Matar ta juya ta shiga cikin dawa. Inna Ladidi ta so ta jefar da ƙwarya ta ruga. Sai dai tun da ta fara wannan aiki ba a taɓa kiran ta wanka ta ce a'a ba. Kafin ta gama shawara da zuciyarta, ta ga ƙafafunta sun riga sun bi.

Ta sunkuyar da kai don kada ta kalli goyon. Nan ta ga sawun. Ba sawun ƙafa ba ne. Rami ne zagayayye, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana dangwala gindin taɓarya a laka. Da zanen matar ya ɗan ɗaga wajen tsallake kunyar gona, sai ta gani. Babu yatsu. Babu dunduniya. Ƙafafun sun cinye, sun yi sumul kamar ɗan dutsen niƙan da aka gada.

"Na yi tafiya da yawa," in ji muryar a bayan kunnenta. "Daina kallon su."

Ta daina.

Dawar ta ƙare kwatsam. Ga katanga, ga zaure, ginin da, irin wanda ba a yi yanzu. Inna Ladidi ta bi ta wurin nan ya fi sau ɗari, ba ta taɓa ganin ko tubali ba. Suka shiga.

Tsakar gidan a share take tas. Babu kaza, babu murhu, babu warin hayaƙi. Jikin katanga ga maza huɗu zaune a jere, kamar masu zaman makoki. Ta yi musu sallama. Ba wanda ya amsa. Da ta dube su sosai, sai ta ga ƙura ta taru a kafaɗunsu. Ɗaya ma gizo-gizo ya yi saƙa daga gwiwar hannunsa zuwa bango. Ba sa motsi. Idanunsu ne kawai suka juyo, gaba ɗaya, suka sauka a kanta.

"Su wane ne waɗannan?" in ji Inna Ladidi.

"Irinki ne. Masu aikin gawa."

Matar ta tsaya gaban na farko. Baƙin mutum ne siriri, mai sulɓin gashi, da farin zane ɗaure a ƙugu, goshinsa da toka. A gabansa an tara itace.

"Wannan daga bakin wani babban kogi na ɗauko shi, can gabas da gabas. Su ƙonawa suke yi. Su jera itace, su zuba man shanu, babban ɗa ya sa wuta. Su kwashe tokar su ba kogi. Na kai masa ɗana. Wuta ta ƙi shi."

Ta matsa gaban na biyu, wani dattijo mai faɗin fuska da ƙananan idanu, cikin jan bargo mai kauri. Doguwar wuƙa na kwance a cinyarsa.

"Wannan a kan duwatsu yake, inda sanyi ya daskarar da ƙasa, ba ta haƙuwa, babu kuma itace. Su ungulu suke ba wa. Su hau da mamaci kan tsauni, su kira tsuntsaye, su ce sadakarsa ta ƙarshe ke nan. Tsuntsaye sun sauko. Suka ƙi shi."

Na uku kafinta ne, guduma na hannunsa. Kusa da shi ga wani ɗan akwati da aka sassaƙa kamar kifi, har da ido da ƙaya, fentin ya ɓaɓɓare.

"Bakin teku, ta kudu. Masunci su sa shi a akwati mai siffar kifi, manomi a mai siffar abin da yake nomawa. Ɗana yana son kifi." Ta shafa akwatin. "Akwatin ya ƙi shi. Na kai shi inda ake rataye akwatuna a jikin dutse, sama da kan mutane. Na kai shi inda ake huda bishiya a sa jariri a ciki, itacen ya haɗe a kansa. Na ba masu jirgin ruwa, suka ɗinke shi cikin tamfol suka ba teku. Ko'ina, kafin gari ya waye yana bayana."

Inna Ladidi ta dubi mutanen. "Su kuma waɗannan, me suka yi miki?"

"Sun ce za su iya."

Na huɗun tsoho ne tukuf, da rawani da ya zama tsumma, da 'yar sangwami ta haƙa a gefensa. Fuskarsa irin ta mutanenmu ce. Leɓensa suka motsa a hankali, ƙura na zuba daga gemunsa.

"Yarinya," in ji shi. Ita da ke da jikoki. "Ke 'yar Hausa ce?"

"Ni ce, Baba."

"Sunana Mati. Haƙar kabari nake yi. A hanyar Makka ta same ni, mun yada zango bayan Barno." Ya numfasa. "Ayarinmu ya wuce? Jakina na ɗaure a gindin aduwa."

Inna Ladidi ta kau da kai. Rabon da a tafi Makka da jaki, tun kakanta yana saurayi.

"Ke ma za ki gwada," in ji matar. "Ki wanke shi irin na garinku. A rufe shi irin na garinku. In ya dawo, ga wurinki can." Ta nuna jikin bango, kusa da Malam Mati. An share wurin, har an shimfiɗa 'yar tabarma.

Inna Ladidi ta tuna Malam Nomau zaune a bakin ɗaki, yana karkata kunne wajen ƙofa yana jiran takunta. Ta durƙusa ta sauke ƙwarya.

"Ina ruwa?"

"Ga shi."

Tulu na gefenta. Ɗazu babu shi. Ta taɓa, ruwan da ɗumi.

Matar ta kwance goyon. Ta daɗe tana kwancewa, don ɗaurin ya shige cikin naman ƙirjinta. Ta juyo da yaron ta rungume, ta tsaya. Inna Ladidi ta miƙa hannu biyu. Matar ba ta sake shi ba. Sai da Inna Ladidi ta ɗan ja, sannan ta saki.

A nan ta ga hannayen matar. Tafin duk tabon ƙuna ne. Bayan hannun kuwa ramuka ne ƙanana, kamar saran bakin tsuntsu. Faratan sun kakkarye, ƙarƙashinsu cike da jar ƙasa da tsinken itace.

Ta kwantar da yaron.

Bai fi shekara biyu ba, amma nauyinsa kamar na turmi. Sanyinsa ya ratsa ta har kafaɗa. Bai lalace ba, kamar yanzu barci ya ɗauke shi. Gefen gashinsa ya ɗan babbake. Fatarsa da ɓurɓushin gishiri. Sauran abin da ta gani a jikinsa, har ta koma ga Allah ba ta faɗa wa kowa ba. In an matsa mata sai ta ce mai wanka ba ta ba da labarin gawa.

Ta rufe masa al'aura. Ta naɗe tsumma a hannu. Ta yi bisimilla da ƙarfi, tana satar kallon matar, ko za ta ɓace. Ko gezau ba ta yi ba.

To, sai aiki. Ta yi masa alwala. Ta fara da dama, ta koma hagu. Ruwa da sabulu, sannan ruwan magarya, sannan na kafur. A wanka na uku ta ji kanta tana yi masa magana a hankali, yadda take yi wa kowane yaro. "Yi haƙuri, ɗan nan. Saura kaɗan. Ɗago hannun. Yawwa."

Duk wannan, inuwar matar na kanta. Numfashinta na sauka a wuyanta, sanyi ƙalau.

Da ta gama ta tsane shi, ta ga farin ƙyalle a ninke kusa da tulu. Ta yanka, ta ɗinka, ta naɗe shi. Kafin ta ɗaure wajen kai, ta juya ga tsohon.

"Baba Mati, kai ka haƙa masa?"

"Ni na haƙa. Na yi ramin ciki. Na kwantar da shi kan damansa, fuska ga alƙibla. Na jera itace, na toshe da laka. Ban rage komai ba."

"Da kana rufewa, uwar tana ina?"

Idanun tsohon suka tafi wajen matar, suka dawo ƙasa.

"Tana tsaye a kaina."

Inna Ladidi ta ɗaure likkafanin. Ta san abin da za ta faɗa zai iya zama maganarta ta ƙarshe. Ta kuma san in ba ta faɗa ba, tabarmar can tata ce.

"Baiwar Allah. Wa ya ƙone miki hannu?"

Matar ta ɓoye hannayenta cikin zane, Inna Ladidi ta ci gaba.

"Wuta ba ta ƙi shi ba. Ke kika sa hannu kika ciro shi. Ke kika kori tsuntsayen. Ƙasar da ke farcenki ta kabarin Baba Mati ce."

Hasken rana ya dushe kamar an rufa masa bargo. Ruwan tulu ya fara tafasa shi kaɗai. Katanga ta yi ƙara, ƙasa na zubowa. Muryar ta taso daga ko'ina, ta baya, ta sama, ta ƙarƙashin ƙafa.

"Ƙarya kike yi."

"Kashe ni ba zai sa ta zama ƙarya ba."

Matar ta sunkuyo har fuskarta ta kusa taɓa tata. Inna Ladidi ta ce idanun nan ba su da fari, kuma ba su da ƙasa, kamar ka leƙa tsohuwar rijiya. Ta runtse nata, tana jiran abin da zai zo.

Ba abin da ya zo. Sai wata 'yar murya, siririya, a dishe. Wannan karon daga bakin matar ta fito.

"Yana tsoron duhu."

Inna Ladidi ta buɗe ido.

"Zauna," in ji ta. "Zauna nan kusa da ni."

Matar ta zauna. Inna Ladidi ta ce mata:

"Na haifi bakwai. Huɗu na ƙasa. Yau ko wuƙa za ki sa mini a wuya, ban san inda kabarin ko ɗaya yake ba. Maza suka ɗauka suka fita, ni ina ɗaki, mata sun riƙe ni. Na ji haushinsu a lokacin. Amma da na san wurin, wallahi da na tona. Ta biyun, Azumi, ranar da aka kai ta an yi ruwa da dare. Na kwana ina cewa tana jin sanyi. Da na san wurin, da farcena zan tona." Ta share ido da bayan hannu. "A garinmu uwa ba ta bin gawa. Kin ce irin na garinmu. To, wannan ma a ciki yake. Su za su kai shi. Ke za ki zauna, ni zan riƙe ki."

"Ba zan ga wurin ba?"

"Ba za ki gani ba."

"Har abada?"

"Har ranar da za ku haɗu."

Matar ta daɗe tana kallon ɗan farin ƙullin. Ta ɗora hannu a kansa. Sannan ta ɗaga ɗan yatsa ɗaya wajen bango.

Gaɓoɓin mutanen nan suka yi ƙara kamar ana karya kara. Suka miƙe, ƙura na zuba daga jikinsu. Ba mai jin yaren wani, amma kowa ya san aikin. Mai jan bargo ya fita ya yanko karan dawa da wuƙarsa, ya gwada tsawon yaron. Kafinta ya dubi kifinsa, ya sa guduma ya ɓaɓɓalle shi, ya rungumi allunan don rufe ramin ciki. Mai toka a goshi ya durƙusa ya ɗauki yaron a hannu biyu, a hankali, kamar mai tsoron tashin sa. Malam Mati ya saɓa sangwaminsa. A bakin zaure ya tsaya.

"Yarinya, in mun fita ƙofar nan ba za mu dawo ba. Lokacinmu na jiran mu a waje. Amma zan roƙi Allah ya ara mana na aikin nan. Ki riƙe ta da kyau."

Suka fita.

Inna Ladidi ta kama wuyan hannayen matar, dama da hagu.

Daga bayan katanga ta ji muryar tsohon. "Allahu akbar." Hannayen matar suka yi zafi kamar ƙarfen da aka ciro daga maƙera. Inna Ladidi ta ji warin tafinta na ƙonewa. Ba ta saki ba. Kabbara ta biyu. Ta uku. Ta huɗu. Sallama. Sai takun mutum huɗu, yana nisa.

"Sake ni."

"A'a."

"Akwai wani tsibiri," in ji matar da sauri, tana haki. "Su bayan 'yan shekaru sukan buɗe kabari. Su ciro nasu, su sake musu sabon zane, su ba su labarin gida, su yi rawa da su a kafaɗa. Na gani da idona. Bar ni in ga wurin kawai. Zan yi irin nasu."

"Su ma sai sun bar nasu ya kwanta tukuna. Ke ko kwana ɗaya ba ki taɓa ba shi ba."

Can nesa aka fara jin sara. Tim. Tim. Tim.

Matar ta fara tsawo. A zaune take, amma wuyanta na tafiya sama, kafaɗunta na bi. Kanta ya kai rabin katanga. Ya kusa kai bakinta. In ta leƙa ta gani, shi ke nan. Inna Ladidi ta rataya a hannayenta da dukan nauyinta, ƙafafunta har sun bar ƙasa.

"Dube ni!" ta daka mata tsawa. "Ni za ki duba! Me yake so? Yaron, me yake so ban da kifi?"

Wuyan ya tsaya.

"Faɗa mini. Ban san shi ba. Na wanke shi ban san shi ba."

"Fara," in ji muryar daga sama. "Yana bin fara a gona. Ba ya kamawa. Bi kawai yake yi."

"Sai me?"

"In an yi tsawa dariya yake yi."

"Ya fara magana?"

"Kalma uku."

"Wace da wace?"

Ta faɗa. Tana faɗa tana saukowa. Ta faɗi yadda yake barci da yatsa a kunnenta. Ta faɗi ranar da ya fara tafiya, da ranar da zazzaɓin ya kama shi. Ta faɗi sunansa, wanda Inna Ladidi ta ce harshen mutum ba zai iya juya shi ba. Kafin ta gama ta dawo daidai tsawon mace, ta kifa kai a cinyar Inna Ladidi. Hawayenta in ya ɗiga a ƙasa sai ya yi cuu, kamar ruwa a kan garwashi.

Saran ya tsaya. Aka jima. Sai ƙarar tafin hannu ana daddaɓe laka. Da farko hannaye da yawa. Sannan suka ragu. Sannan na mutum ɗaya, a hankali, a hankali. Sannan babu.

Suka zauna. Inna Ladidi ba ta san iya daɗewar ba. Ta dai ga duhu ya shiga, haske ya fito, ya sake shiga. Ba ta saki hannun ba. Da haske ya fito na ƙarshe, ta leƙa bayan matar. Zanen goyo na kwance a ƙasa, babu komai a ciki.

"Bai dawo ba," in ji matar.

"Bai dawo ba. Allah ya ba ki haƙuri."

Matar ta dubi faratanta. Yatsunta na motsi su kaɗai, suna karce ƙasa.

"Tashi ki tafi, mai wanka. Yanzu. Hannuna na ƙaiƙayi, kuma ke kaɗai kika ji ta inda saran ya fito."

Inna Ladidi ta suri ƙwaryarta. Ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta faɗa cikin dawa, ganye na yankar fuskarta, tana gudu tana faɗuwa, ita da ta shekara ashirin ba ta yi gudu ba. Sai da ta ji kukan tsuntsaye sannan ta san ta fito.

A gida ta tarar da mutane cike da tsakar gida. Kwana uku ana neman ta, har an shiga rijiyoyi. Malam Nomau na zaune a bakin ɗaki, bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa. Tun kafin kowa ya gan ta ya ɗaga kai ya ce, "Ga takunta nan."

Tafin hannunta ya warke, amma daga ranar bai ƙara jin zafi ba. Da idona na ga tana sauke tukunya daga wuta ba tsumma.

Da ta buɗe ƙwaryar kuwa, sai ta tarar da farin ƙyalle a ninke a ƙasa, ragowar wanda ta yanka wa yaron. Bai fi kamu biyu ba. Ta ajiye. Bayan wata guda wani baƙo ya rasu a kasuwa, ba shi da kowa, ba a san inda za a samo likkafani ba. Ta ce bari ta duba ko ɗan ƙyallen zai yi wani abu. Ta warware, ta yi ta warwarewa, ya ishi mutumin har da saura. Shekara goma sha ɗaya tana yanka daga ƙyallen nan, duk wanda ya mutu ba shi da mai sutura. Bai ƙare ba.

Ranar wata Alhamis ta ɗauko shi za ta yanka, sai ta ga ƙarshensa ya bayyana. Ta auna da hannu. Daidai na mace ɗaya, gajeruwa. Ta ninke, ta aika aka kira Kande, ta ba ta ƙwaryar, ta yi wa Malam Nomau tuwo da miyar kuka irin wadda yake so. Ranar Juma'a a cikin ƙyallen nan aka naɗe ta.

Ita dai ta huta. Waccan matar ce ba ta huta ba.

Har yau ba ta san wurin ba. Manoman Kufan Marina kan tarar da ramuka a gonakinsu da safe, an tona da hannu, ga zagayayyen sawu kewaye da su. Shi ya sa nake gaya muku, ko da rana tsaka, ko ana kiran ku a gida da gaggawa, kada wanda ya yanke ta kufan nan shi kaɗai. In kuwa tsautsayi ya kai ɗayanku, ya ji tsuntsaye sun yi shiru, ya ji murya a bayan kunnensa tana cewa, "Ina suka kai shi?" to, kada ya amsa. Kada ya waiga. Ya tura hannayensa cikin riga ya riƙe su gam, don ko da wasa kada ya nuna wani wuri da yatsa.